Kundin kaka: mapul biyu tsakanin ruwa da iska, Sheffield, 2023

Lahadi, 10 ga Satumba

Aikin bana guda ɗaya ne. Ina so in gano inda zan dasa itacen mapul a ƙasa a bayan gidan nan, wurin da zai sami ranar da za ta sa ganyensa ya yi ja, kuma iska ba za ta kakkaɓe ganyen tun bai nuna ba. A Sheffield, a arewacin Ingila, ba kasafai abubuwan nan biyu suke haɗuwa wuri ɗaya ba. Inda rana take sauka sosai, nan ne hanyar iska. Inda iska ba ta kaiwa kuwa, yawanci inuwa ce.

Tun bazara na sayo mapul ɗin Japan guda biyu, irin da ake kira Osakazuki, tsayinsu ɗaya, daga wurin mai sayar da dashe ɗaya. Tukwanensu iri ɗaya ne, ƙasar da na zuba musu ma haɗi ɗaya ce: ƙasar lambu, ruɓaɓɓen ɓawon itace da 'yar tsakuwa don ruwa ya riƙa wucewa. Ɗaya na ajiye shi a tsakiyar fili kusa da igiyar shanya, yana shan rana daga hantsi har la'asar, kuma babu abin da ya tare shi daga kudu maso yamma, inda iskar ƙasar nan ta fi fitowa. Ɗayan yana lungu, tsakanin bangon kicin da shingen katako na maƙwabta. Ranar safe kawai yake samu, zuwa azahar inuwa ta rufe shi, bakin lungun kuma gabas yake kallo. Daga yanzu zan riƙa ce musu na fili da na lungu.

Akwai wasu itatuwan mapul da zan riƙa dubawa a gefe: Sango-kaku mai jajayen rassa da ke bakin ƙofar baya, da wani ɗan gajere mai suna Garnet wanda ganyensa sirara ne kamar an tsattsaga shi da reza, sai mapul ɗin daji na Ingila da ke cikin shingen ƙarshen lambu.

Yau dai babu alamar kaka. Mako guda ke nan ana zabga zafi, har a kudancin ƙasar ma'auni ya haura digiri 30 kwana bakwai a jere, abin da ba a taɓa gani ba a watan Satumba. Bakin ganyen Garnet ya ƙone ya nannaɗe. Osakazuki biyun kore shar suke. Ina ba su ruwan sama da na tara a duro, da yamma, kuma tun watan Yuli na daina ba su taki. Takin da ke da naitirojin da yawa idan aka ba itace a ƙarshen rani sai ya yi ta sabon toho, ganye ya ƙi juyawa, sanyi ya zo ya tarar da rassa danye.

Lahadi, 24 ga Satumba

Jiya dare da rana suka yi daidai. Daga nan dare ne zai riƙa cin rana, kuma a nan cin ba kaɗan ba ne: a watan Yuni yini yakan kai kusan awa 17, a Disamba kuma bai cika awa 8 ba. A Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa biyu ba, shi ya sa kukarmu ba ta kallon tsawon dare, ƙarancin ruwa ne ke sa ta zubar da ganye. Mapul kuwa da tsawon dare yake lissafi. Shi ne ke gaya masa lokacin tattara kaya ya yi, ko da gari bai yi sanyi ba.

Saman na fili ya fara sauyawa. Ganyayen can ƙoli sun yi duhu, launinsu tsakanin kore da ruwan ƙasa, kamar tagulla. Na lungu bai motsa ba.

Alhamis, 28 ga Satumba

Guguwar Agnes ta wuce jiya. Ita ce ta farko a jerin sunayen da aka tanada wa manyan guguwowi na bana, kuma ƙarfinta ya fi sauka a Ireland da gaɓar yamma. Mu nan iska ce mai ɗan ƙarfi da yayyafi. Babu ganyen da ya faɗi, domin a wannan lokaci ganye yana riƙe da reshe gam. Amma tukunyar na fili ta kife cikin dare, wani ƙaramin reshe ya tsage bai rabu da uwar ba. Na tayar da tukunyar, na kewaye ta da bulo, na ɗaure gangar itacen a jikin turke da tsumma mai laushi. Reshen da ya tsage na bar shi yadda yake, ina so in ga abin da zai yi.

Litinin, 9 ga Oktoba

Reshen nan da ya tsage ya yi ja wur, shi kaɗai a jikin itacen. Sauran ganyen suna nan a launin tagulla. Na daɗe tsugune a gabansa, domin abin da nake karantawa a takarda ne ya fito fili a ganye bakwai ko takwas.

Ga yadda abin yake. Koren ganye na wani sinadari ne, kulorofil, wanda da shi ganye yake haɗa sukari daga hasken rana. Idan dare ya tsawaita, itace yakan fara warware wannan sinadari, ya janye naitirojin da sauran abubuwa masu amfani daga ganye zuwa rassa da saiwa, ya adana don toho na baɗi. Da koren ya tafi sai rawaya ta bayyana. Ita rawayar dama tana cikin ganyen tun bazara, koren ne ya rufe ta. Saboda haka rawaya ba ta da wuyar sha'ani: ko ana rana ko ana ruwa, za ta fito.

Ja daban ne. Babu shi a cikin koren ganyen Osakazuki, sai a wannan lokaci ake ƙera shi, kuma da sukari ake ƙera shi. Sinadarin da ke ba da shi, antosayanin, dangin wanda ke cikin zoɓo ne, shi ne kuma yake sa sabon tohon mangwaro ya fito da ja-ja kafin ya yi kore. Kafin ganye ya tara shi da yawa sai an haɗa abu biyu: rana mai haske da za ta sa ganye ya haɗa sukari, da dare mai sanyi, amma ba na daskarewa ba, da zai hana sukarin saurin sauka zuwa jikin itace. Idan sukari ya maƙale a ganye sai ya zama ja. Reshen da ya tsage hanyarsa ta saukar da sukari ce ta lalace, shi ya sa ya riga kowa.

Masu bincike da yawa suna ganin jan yana yi wa ganye aikin laima ne, yana kare shi daga ƙarfin rana a daidai lokacin da ake kwashe kayan cikinsa. Wannan bayani ya kwanta mini a rai, domin ya dace da abin da ido ke gani: ɓangaren da rana ta fi bugu shi ya fi ja.

Matsalar makon nan ita ce rabi ɗaya kawai muka samu. Rana akwai, har a kudu zafi ya haura digiri 25 a cikin Oktoba. Amma dare ba ya sanyi. Ma'aunin da na rataye a shinge bai sauka ƙasa da digiri 12 ba duk 'yan kwanakin nan. A Japan masu lambu sukan ce launi ba ya farawa sai sanyin dare ya sauka ƙasa da digiri 8, kuma yana sauri idan ya kai 5 ko 6. Muna da sauran tafiya.

Litinin, 16 ga Oktoba

Abin da nake jira ya samu. Tun daren Juma'a iska ta juyo daga arewa, sama ta washe, Asabar da Lahadi rana fes, dare kuma sanyi har da asubahin yau raɓa ta daskare a gilashin motoci. A ƙarshen mako ɗaya na fili ya yi abin da bai yi ba cikin wata guda. Kashi biyu cikin uku na ganyensa sun yi ja, jan da idan ranar la'asar ta ratso shi ta baya sai ka ce garwashi ne. Na lungu ya fara, amma nasa ruwan lemu ne da rawaya, da ɗan ja a bakin ganyen da ke leƙo waje.

Wani abu da na gani yau ya ƙara tabbatar mini cewa rana ce ke yin aikin. Ganye biyu sun manne da juna, ɗaya a kan ɗaya, wataƙila tun ruwan Agnes. Da na ɗaga na saman a hankali, sai ga siffarsa kwance a jikin na ƙasan, yatsu uku da rabi, rawaya mai ɗan kore-kore, kewaye da ja. Inda haske bai taɓa ba, ja bai zo ba, a ganye ɗaya, a dare ɗaya, a sanyi ɗaya. Na kira yarinyata ta gani. Ta ce, “Baba, wa ya zana?” Na ce mata inuwar ɗan'uwansa ce. Ta ɗauki hoto za ta kai wa malamar kimiyyarsu.

Sango-kaku ya zama rawaya mai taushi, jajayen rassansa sun fara fitowa ta tsakanin ganye. Garnet dai ƙunar Satumba ta riga ta ɓata shi, jansa ya yi duhu, bakin ganyen duk ya bushe. Wannan irin mai siririn ganye ba ya jure iska ko a lokacin zafi, domin tana tsotse ruwan ganyen fiye da yadda saiwa za ta iya mayarwa.

Hukumar hasashen yanayi ta ba wata guguwa suna, Babet, kuma ta ce ruwa mai yawa yana tafe daga Laraba.

Asabar, 21 ga Oktoba

Kafin maganar itace, mutane. Ruwan da aka yi daga Alhamis zuwa jiya Juma'a ya yi ɓarna mai yawa. A Chesterfield, nan kusa da mu ta kudu, koguna sun cika sun shiga gidaje. A gabashin Scotland an ba da jan gargaɗi, garin Brechin ya sha ruwa, an kwashe mutane daga gidajensu, kuma an yi asarar rayuka a wurare daban-daban. Allah Ya kiyaye na gaba, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri.

A nan gidan, ruwa aka yi kamar da bakin ƙwarya, yini da dare babu tsagaitawa. Abin da ya bambanta Babet da guguwar da aka saba ita ce alƙiblarta: daga gabas iskar ta fito. Shi ya sa ruwan ya fi sauka a wannan ɓangare na tsaunukan Pennine, wanda yawanci shi ne ke fakewa a bayansu. Kuma shi ya sa lungun da ke kare itace daga iskar yamma ya zama mazurari. Iska ta shigo ta bakinsa, ta bugi bangon kicin, ta rasa mafita, ta riƙa juyawa a ciki.

Sakamakon ya ba ni mamaki. Na lungu, wanda iska ta fi wujijjigawa, bai rasa ganye da yawa ba, sai dai sun yayyage, wasu sun yi baƙi inda suka riƙa gugar bango. Na fili kuwa, wanda jikin gidan ya ɗan tare masa iskar gabas, ya zubar da fiye da rabin ganyensa. Duk jajayen nan na ranar Litinin suna kwance a kan ciyawa, sun manne da ƙasa.

Da na ɗauki ganyen da suka faɗi na duba gindin silinsu, sai na gane. Babu wanda ya tsinke da ƙarfi. Kowanne ya rabu sumul, daidai inda sili ya haɗu da reshe. A wannan gaɓa itace yakan gina wani siririn layi na ƙwayoyin halitta masu rauni, a bayansa kuma ya toshe wurin da wani abu mai kama da toto don kada cuta ta shiga. Layin yana nuna ne tare da launi. Ganyen da ya yi ja sosai ya kusa rabuwa, nauyin ruwa da ɗan girgiza sun ishe shi. Ganyen da bai gama juyawa ba yana riƙe da ƙarfi. Wato wanda ya riga nuna shi ne ya riga faɗuwa. A wannan karon jinkirin na lungu ne ya cece shi, ba bango ba.

Ina ganin a nan ne mutane suke haɗa abu biyu da ba ɗaya ba idan suka ce ruwa da iska sun ɓata kaka. Gajimare da ɗumin dare su ne ke hana ja fitowa tun farko. Iska ba ta rage launi ko kaɗan, kwanakin kallo take ragewa. Na fili ya yi jan da ban taɓa ganin irinsa a gidan nan ba, amma bai yi mako yana sanye da shi ba.

Akwai na uku, wanda ya fi damuna: saiwa. Tukunyar na lungu ta cika da ruwa har baki, ramukan gindinta sun toshe da laka. Mapul ɗin Japan yana son danshi, amma ba ya jure zama cikin ruwa. Saiwa tana numfashi, idan ta daɗe a nitse sai ta fara mutuwa, daga nan cutar ruɓewar saiwa ta samu ƙofa, kuma ba za a ga illar ba sai bazara, lokacin da toho zai fito ya yi yaushi. Cikin ruwan na fita na karkata tukunyar, na zura ƙarfe na buɗe ramukan, na ɗora dukkan tukwanen a kan bulo biyu-biyu, na cire faifan da ke ƙarƙashinsu. Maman yara tana daga ƙofa tana cewa, “Malam, ka shigo haka nan, itacen ba zai gudu ba.” Na ce mata saura ɗaya. Ganyen bana in ya tafi ya tafi, amma saiwa ita ce shekaru masu zuwa.

Lahadi, 29 ga Oktoba

An mayar da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda ake yi a nan kowane ƙarshen Oktoba, magariba ta dawo kafin ƙarfe biyar. Mako ne na ruwa da hazo, rana sai jefi-jefi. Na lungu yana juyawa a hankali, amma zuwa ruwan lemu mai duhu, kuma ɗige-ɗigen ruwan ƙasa sun fara bayyana a ganyen da ba sa bushewa. Ganyen da ya kwana biyu a jiƙe, fumfuna takan kama shi, musamman inda iska ta riga ta yi masa rauni.

Mapul ɗin daji da ke cikin shinge bai san ana yi ba. Ya yi rawaya fes daga sama har ƙasa. Shi kaɗai ne mapul ɗan asalin ƙasar nan, kuma launinsa ba ya jiran rana. Babban sikamo na maƙwabta, wanda shi ma dangin mapul ne, bai taɓa yin wani launin kirki ba: ganyensa yana cike da manyan baƙaƙen tabo kamar an ɗiga kwalta, ya bushe ya faɗo. Tabon na wata fumfuna ce da ke kwana a jikin ganyen da ya faɗi har bazara. Ba ta kashe itace, amma ina share su daban, ba na haɗa su da nawa.

Juma'a, 3 ga Nuwamba

Guguwar Ciarán ta bi ta kudu. Tsibirin Jersey da arewa maso yammacin Faransa ne suka sha ta, da iskar da ta haura mil 100 a awa a wasu wurare. Mu ruwa kawai muka samu, a kan ƙasar da dama ta ƙoshi. Tukwanen suna tsiyaya yadda ya kamata tun da na ɗaga su.

Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ta leƙo ta kan shinge, ta ga na fili ya kusa zama tsirara, ta ce in ina son ganin mapul na gaske in je Westonbirt. Wani babban lambun itatuwa ne a Gloucestershire, wanda Robert Holford ya fara dasawa a 1829, kuma yana da tarin mapul ɗin Japan da ya yi suna a duk ƙasar. Na tambaye ta yadda aka dasa su a can. Ta ce a 'yan filaye ne cikin kurmi, manyan itatuwa sun kewaye su, sama kuma a buɗe. Wannan amsa ta fi mini amfani fiye da yadda take zato. Haka mapul ɗin yake a duwatsun Japan: ƙaramin itace ne na gefen kurmi da ƙarƙashin manya, haske yana sauko masa daga sama, iska kuma sai ta ratsa rassa masu yawa kafin ta iso shi, ta riga ta gaji.

Bango ba ya yin wannan aiki. Idan iska ta bugi abin da ba ta iya ratsawa, takan hau samansa ta faɗo ta baya tana juyi, ko ta matsu ta gefe ta ƙara gudu. Abin da ke karya ƙarfinta shi ne shinge mai ƙofofi, wanda kusan rabinsa a buɗe yake, ko na itatuwa ko na katako mai tazara ko raga. Irin wannan yakan rage iska har zuwa nisan da ya ninka tsayinsa sau da yawa. Duk wanda ya taɓa zama a bayan darnin kara lokacin hunturu ya san bambancin.

Kuma dole in yarda cewa akwai abin da shinge ba zai gyara ba. Kyoto, inda mutane suke tururuwa kallon jan ganye a rabin Nuwamba na biyu, da jihar Vermont a Amurka da gabashin Kanada, duk suna samun kaka mai yawan rana da darare masu sanyi. Birtaniya tsibiri ce a bakin Tekun Atlantika, teku yana ɗumama mata dare yana kuma turo mata gajimare. Ja a nan yakan zo ne a 'yan tsakanin guguwa da guguwa. Aikin mai lambu shi ne ya sa ganye ya kasance a kan reshe lokacin da irin wannan tsakanin ya zo.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Ga shi kuwa ya zo. Safiya mai sanyi ƙwarai, sama babu gajimare, kuma a 'yan kwanakin nan dare ya riƙa sauka ƙasa da digiri 5. Na fili ba shi da abin da zai nuna, ganyen da suka rage masa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Na lungu kuwa har yanzu yana da kusan kashi uku cikin huɗu na nasa.

Ranar Talata na ja tukunyarsa na fito da ita daga lungun zuwa gaban shingen ƙarshen lambu, inda rana take kaiwa har la'asar amma mapul ɗin daji da ƙayoyin shingen suna tace iskar yamma. Na san wannan ya sauya gwajin da na fara, amma tambayar farko ta riga ta samu amsa, kuma wannan wurin ne nake tunanin dasawa. Cikin 'yan kwanakin, ɓangaren da ke kallon kudu ya tashi daga ruwan lemu zuwa ja. Bai kai na ɗan'uwansa na tsakiyar Oktoba ba. Ranar Nuwamba ba ta da ƙarfi, tana ƙasa-ƙasa, ganyen kuma ya tsufa, da raunuka da tabo, koren da zai haɗa sukari ya kusa ƙarewa. Amma ja ne, kuma daga tagar kicin ba a ganin tabon.

Sango-kaku ya zubar da nasa a hankali, kamar yadda ya kamata, ya bar rassa jajaye. Na lura da ƙarshen wasu ƙananan rassansa biyu sun yi baƙi. An san wannan iri da irin wannan mutuwar reshe bayan sanyi da danshi. Zan sa musu ido.

Talata, 14 ga Nuwamba

Guguwar Debi ta zo jiya Litinin, daga Ireland ta tsallako arewacin Ingila, kuma wannan karon daga yamma, hanyar da aka saba. Guguwa ta huɗu ke nan mai suna tun ƙarshen Satumba. Na tsaya a taga da rana tsaka ina kallon abu biyu a lokaci ɗaya. Igiyar shanya a tsakiyar fili tana kaɗawa kamar za ta tsinke, turken na fili yana rawa. A gaban shinge kuwa rassan ɗayan suna motsi ne kawai, ba sa lanƙwasa.

Duk da haka ya zubar da kusan rabin ganyensa, domin lokacinsu ya yi. Amma sauran suna nan yau da safe. Da a tsakiyar fili yake, da babu ko ɗaya. Wannan ne gwajin da ya fi kowanne gamsar da ni, domin iskar yamma ita ce ta kullum. Irin ta Babet ba kowace shekara take zuwa ba, kuma a gefen gabas na wannan wuri akwai rumfar ajiye kaya da za ta ɗan rage ta, sai in ƙara raga tsakaninta da shinge.

Na kwashe ganyen da suka faɗi na zuba a buhuna, na huhhuda su, na jingine a bayan rumfa. A jiƙe suke, abin da ake so ke nan. Bayan shekara ɗaya zuwa biyu za su ruɓe su zama baƙar ƙasa mai laushi, wadda ita ce ta fi dacewa da gindin mapul.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Sanyi mai ƙarfi ya sauka daren jiya, ruwan duro ya yi ɓawon ƙanƙara. 'Yan ganyen da suka rage a jikin na lungu sun faɗi da hantsi, da rana ta taɓa su. Garnet kuwa yana riƙe da busassun ganye ruwan ƙasa, sun ƙanƙance a jikin rassa. Ganyen da ya mutu da ƙuna ko da sanyi kafin layin rabuwa ya nuna ba ya faɗuwa da kansa, sai a bi shi da hannu a murje a hankali, ana kula da idon toho da ke gindinsa.

Na haƙa ramin gwaji a gaban shinge, zurfin kamu biyu, na cika shi da ruwa tun Laraba don in ga yadda ƙasar take sha. Ya yi jinkiri. Ƙasan wurin yumɓu ne, kuma bayan irin ruwan da aka yi bana ba ta da sauran wurin karɓa. Saboda haka ba zan dasa a rami ba. Zan tayar da ɗan tudu, kamar kamu ɗaya sama da ƙasa, in haɗa ƙasar saman da ruɓaɓɓen ɓawo da tsakuwa, in dasa a kansa yadda wuyan itacen zai kasance a sama da inda ruwa yake kwanciya. Kuma ba yanzu ba. Taka yumɓu yana jiƙe ƙara danƙare shi ne. Zan jira ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, kafin toho ya buɗe, idan Allah Ya kai mu.

Wanda zan dasa shi ne na fili, tunda shi ya nuna irin jan da yake iya yi. Na lungu zai zauna a tukunya shekara guda tukuna, sai na ga yadda zai yi toho, don in tabbatar zaman da ya yi cikin ruwa lokacin Babet bai taɓa saiwarsa ba. Zan bar shi a gefen tudun, su sha rana ɗaya da iska ɗaya, baɗi in kwatanta na ƙasa da na tukunya.

Yau na naɗe tukwanen duka da buhun algarara, na matso da su jikin bangon kudu, har yanzu a kan bulo. Rassan mapul suna jure sanyi sosai, amma saiwar da ke tukunya ba ta da kariyar da ta cikin ƙasa take da ita. Na yanke reshen da Agnes ta tsaga, daidai bayan gaɓa, da baƙaƙen rassan Sango-kaku biyu har zuwa inda itacen yake da rai, ina goge almakashin tsakanin yanka da yanka. Yanzu ne lokacin irin wannan yanka, daga zubar ganye zuwa Janairu. Idan aka bari sai ƙarshen hunturu, ruwan jikin itacen ya riga ya fara hawa, wurin yankan ya yi ta zuba. Cikin rassan da na yanke fari ne tas, babu zane-zanen kore ko ruwan ƙasa da ke nuna cutar yaushi ta shiga jijiya. Saura ragar gabas da turaku uku, waɗanda zan kafa kafin in tayar da tudun.